Zogale, kunun kanwa da tuwon alkama: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Na daɗe ina aikin jinya a Kaduna, kuma tambayoyin nan ba sa canzawa. A asibiti a yi mini su, a gidan suna a yi mini su, har cikin Keke daga Kawo zuwa Kasuwar Bacci idan aka hango fararen kaya a jakata. Ga amsoshin wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Abinci yana maganin cuta?

Yana hana wasu, yana taimaka wa jiki ya murmure daga wasu. Ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Mai tarin fuka wata 6 zai yi yana shan magani, kuma kyauta ake bayarwa. Wake da ƙwai taya maganin za su yi, ba za su karɓi aikinsa ba.

To zogale fa? An ce babu cutar da ba ya yi wa magani.

Ganye ne mai kyau. A yi kwaɗo da ƙuli, a sa a miya. Haka rama, haka alayyahu, haka yakuwa da kuka. Wanda ya zuba garin zogale a kwalba ya ce miki ki ajiye maganin hawan jini, kuɗinki yake so.

Jariri na kuka da zafin Afrilu, in ba shi ruwa?

A'a. Nono zalla har wata 6, mafi yawan nono ai ruwa ne. Ke ce za ki sha ruwan, shi kuma ki ƙara sa shi a mama. Kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Zuma kuma ba a ba yaro sai ya cika shekara 1, ko kakarsa ta yi fushi.

Ba mu da kuɗin abinci mai gina jiki.

Na sani, 'yar'uwa, kasuwa ɗaya muke shiga. Amma kwantar da hankalinki, gina jiki ba sai da kaza ba. Wake, awara, gyaɗa, daddawa, ɗan busasshen kifi a daka a miya, duk suna yi. Yaron da ya wuce wata 6, a soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, a niƙa tare, a dama masa da kauri. Kokon da yake tsiyaya kamar ruwa cika ciki kawai yake yi, daga nan tamowa take farawa. Abu ɗaya: gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a zubar da ita. Gubar da ke ciki tana lalata hanta, kuma dafawa ba ta kashe ta.

Mai jego ta sha kunun kanwa?

A nan nake faɗa da iyayenmu mata. Kanwa gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi. Mace ta haihu, ƙafafunta a kumbure, jininta a sama, sai a bi ta da kwanon kanwa safe da yamma wai don ruwan nono. Haba Hajiya! A dama mata kunun gyaɗa, a ba ta farfesu da ganye. Idan ta fara haki ko ta kasa kwanciya sai a jingine, asibiti za a kai ta a ranar.

Mahaifiyata tana da ciwon suga da hawan jini. An ce ta bar tuwon shinkafa da na masara ta koma alkama da acha. Daidai ne?

Wannan ba zan amsa ta a gurguje ba, kuma ban ga Mama ba, ban san maganin da take sha ba, saboda haka ka riƙe abin da zan faɗa da wannan sharaɗin.

Alkama sitaci ce. Acha ma sitaci ce, ko daga Kudancin Kaduna aka kawo ta ko daga Filato. Duk suna komawa suga a jini. Hatsin da ba a surfe ba, da dusarsa, yakan hau a hankali fiye da farar shinkafa, wannan gaskiya ne, amma bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Na sha ganin tsohuwa ta cinye malmala 3 ta alkama da zuciya ɗaya don an ce mata magani ce, suga ya haura fiye da lokacin da take cin malmala 1 ta masara. Yawan abin da aka zuba a kwano ya fi sunan hatsin muhimmanci. Abin da nake gaya wa mafi yawan mutane shi ne: tuwo kamar dunƙulen hannunta, miyar ganye ta fi tuwon yawa, a haɗa da wake ko kifi ko ƙwai. Kuma ba sai an ɗora mata tukunya daban ba. Tsohuwar da aka ware ta daga abincin gida, ba ta sati biyu sai ta fara aiken jikoki a ɓoye.

Abin sha ya fi ba ni tsoro. Kunun zaƙi, zoɓo mai suga, fura da aka zuba wa suga, shayi mai kauri, lemon kwalba. Waɗannan su ake fara cirewa.

Amma a kula. Idan allurar insulin take yi, ko irin ƙwayar da ke saukar da suga da ƙarfi, kuka rage mata abinci rana ɗaya ba tare da likita ya duba maganin ba, suga zai iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dL a na'urar awon suga. Za ka ga gumi, rawar jiki, jiri, magana ta rikice. A nan sugan ne magani: ƙaramin cokali 3 zuwa 4 a ruwa, muddin tana iya haɗiya. Haka batun azumi, a ga likita tun Sha'aban. Sannan idan ƙoda ta fara taɓuwa, maganar wake da ganye da na yi a sama za ta iya canzawa, sai an yi gwaji.

Na hawan jini kuwa, gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali 1 ke nan, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yaji. A rage magi a ƙara daddawa da albasa da citta, tunda cittar nan a Kachiya ake nomanta.

In kuna da na'urar awo, ita za ta raba gardama. A auna awa 2 bayan ta ci tuwon alkama, wata rana a auna bayan na dawa, a rubuta a kai wa likita. Galibi ana son kada ya wuce 180 mg/dL, amma likitanta zai iya sa mata wani adadin.

Yaro na gudawa, a dakatar da abinci cikin ya huta?

Wa ya ce? A ci gaba da nono da abinci. A ba shi ruwan gishiri da suga na leda da ake samu a kemis. Idan babu: lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ruwan leda 2, suga ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Sai ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Ido ya faɗa, ko ya ƙi sha, ko an ga jini, a tafi asibiti.

Malt da madara suna ƙara jini?

Suna ƙara suga. Hanta, nama, wake da ganye su ne, a bi da lemu ko gwaiba. Shayi a jinkirta shi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Mai ciki kuma ta sha ƙwayoyin da aka ba ta wajen awo, ta daina tura su ƙarƙashin katifa, mun sani.

Ƙwai yana sa yaro sata?

A'a. Dafa masa.