Nawa zan ware wa wayoyi idan na sayi kayan sauti?

Shagona na gyaran rediyo da talabijin yana wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Da kaka ta yi, kuɗin riɗi da zoɓo suka shigo hannu, aure ya yawaita, sai ka ga ana ta sauke kwalayen kayan sauti daga Kano, wasu na ɗakin amarya, wasu na zauren maigida ko gidan kallon ƙwallo. Abin da nake gani kullum shi ne mutum ya ƙarar da kuɗinsa a kan na'ura, sai ya iso gida ya tuna da waya. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a bakin benci.

Malam, na sayi amfilifaya da lasifika biyu a kan naira 200,000. Nawa zan ware wa wayoyi?

Masu sana'ar sukan ce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin kayan. A lissafinka, naira 10,000 zuwa 20,000 ke nan, kuma a ciki har da wayar lasifika, da wayar da za ta haɗa talabijin ko dikoda, da soket mai kyau. Ni dai ina ɗaukar kashi 10 ɗin a matsayin iyaka, ba farilla ba ce sai ka kai ta. Idan irin kayan nan ne da ake kira hom tiyata, masu zuwa da wayoyinsu a kwali, kuma ɗakin bai wuce ƙafa 12 ba, mai yiwuwa ko kwabo ba za ka ƙara ba sai na soket.

Kafin ka hau mota zuwa Sabon Gari, ɗauki igiya ka bi da ita ta inda wayar za ta bi, jikin bango da saman ƙofa, ba tsakiyar ɗaki ba. Ka ƙara mita ɗaya a kan abin da ka samu. Tsawon nan ne zai faɗa maka kuɗin, ba mai shago ba.

To ai waya waya ce. Me ya bambanta ta arha da ta tsada?

Abu uku ne ke aiki a wayar lasifika: kaurinta, tsawonta, da irin ƙarfen da ke ciki. Sauran duk ado ne.

Ka ɗauke ta kamar tiyon ban-ruwa a fadama. Siririn tiyo mai tsawo yana rage ƙarfin ruwa kafin ya kai ƙarshen gona. Haka waya take tauye wuta, kuma ana auna wannan tauyewar da ma'aunin da ake kira om. Juya bayan lasifikarka, za ka ga an rubuta 4 ko 6 ko 8, da wata alama kamar kofaton doki a gefe. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada tauyewar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na wannan lambar.

Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5, wato faɗin ƙarfen cikinta a ma'aunin sukwaya milimita, tana tauye kusan om 0.012 a kowace mita. Amma wuta zuwa take yi ta dawo, don haka mita 10 a ido mita 20 ce a lissafi, wato kusan om 0.23. A lasifika mai om 8 wannan bai kai kashi 3 ba, kunne ba zai ji komai ba. A mai om 4 kuwa ya doshi kashi 6, ya ɗan haura ƙa'ida. Saboda haka ga yadda nake yi wa mutane: siririya mai 0.75 ta isa har mita 8 a lasifika mai om 8, amma mita 4 kacal a mai om 4. Mai 1.5 za ta kai mita 17 a mai 8, mita 8 a mai 4. Idan kuwa daga ɗaka za ka ja waya zuwa zaure ko tsakar gida, kuma lasifikar mai om 4 ce, sayi 2.5, ita za ta kai ka mita 14 lafiya lau.

A ɗakin ƙauye na yau da kullum, 1.5 ta gama magana.

Na ga wata mai kauri sosai, kuma kuɗinta rabin na sauran. Ba garaɓasa ba ce?

A nan ake cin kasuwar mutane. Kauri iri biyu ne, na roba da na ƙarfe. Akwai wayar da za ka gani kamar yatsa, ka fere ta ka tarar da silili kaɗan kamar gashin masara. Sannan akwai wadda cikinta alminiyam ne, an yi masa fenti da jan ƙarfe a sama. Masu gaskiya sukan rubuta CCA a jikinta. Tana ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku ne na wutar da jan ƙarfe zalla mai kauri ɗaya zai ɗauka, tana saurin karyewa a bakin mahaɗa, kuma dalma ba ta kama ta da kyau idan fentin ya goge.

Gane ta ba wuya. Kankare silili ɗaya da reza, in ka ga fari a ciki to ita ce. Ko ka kunna masa ashana: alminiyam zai lanƙwashe ya zube nan take, jan ƙarfe sai dai ya yi ja ya tsaya. A hannu ma ta fi sauƙin nauyi. Ban ce haramun ce ba, tana aiki a gajeren zango idan ka ƙara kauri, amma kada ka biya kuɗin jan ƙarfe a ba ka ita. Akwai kamfanonin gida da ke yin waya, irin su Coleman da Cutix da Nigerchin, kuma kayan gida da suka bi ta hannun SON, hukumar kula da ingancin kaya, suna ɗauke da tambarin MANCAP. Duk da haka ni sai na kankare, domin sunan da ya yi kasuwa shi ake kwaikwaya.

An nuna mini wayar HDMI, mai kai hoto da sauti zuwa talabijin, mai bakin zinare, wai hotonta ya fi fita. Gaskiya ne?

A'a, Alhaji. Lambobi ne ke bi ta cikin HDMI, ko dai su isa ko kada su isa. Idan wayar ta gaza, za ka ga hoto yana ɗaukewa ko yana tartsatsi, ba wai ya ɗan dushe ba. A mita 2, mai matsakaicin kuɗi da mai tsada hoto ɗaya za su ba ka. Ruwan zinaren yana hana tsatsa ne kawai. Abin dubawa shi ne wuyan wayar, inda roba ta haɗu da baki, don a nan take fara mutuwa. Wayar sautin nan mai kai ja da fari ma, wuyanta za ka duba.

Mu sola muke amfani da ita, wutar KEDCO sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Akwai bambanci?

Babba ma kuwa, kuma nan ne nake so mutum ya saki hannu. Kayan da ke jan wat 300 a wutar gida mai bolt 230, amfiya ɗaya da ɗoriya kawai suke sha, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Kayan nan dai, ta ɓangaren batir mai bolt 12, amfiya 25 ne, in ka haɗa da abin da inbata ke ci wa kanta ya doshi 30. Siririyar waya a wannan wurin zafi za ta yi, robar ta narke. Na taɓa zuwa wani gida na tarar an haɗa batir da wayar lasifika a ƙarƙashin gadon amarya, kusa da katifa, robar har ta yi baƙi. Allah ne ya tsare.

Tsakanin batir da inbata sa jan ƙarfe mai kaurin 6 ko fiye, gajere, kada ya wuce mita ɗaya da rabi, da fis dab da batir. Wannan kuɗin daban yake, kada ka cire shi daga kashi 10 ɗin can. Idan aljihu ya matse, rage a HDMI, kada ka rage a nan.

Na haɗa komai amma akwai gurnani a lasifika, kuma bas ɗin ba ya fita.

Gurnanin, raba wayar sauti da wayar wuta, kada ka ɗaure su tare, kuma ka sa talabijin da amfilifaya a soket ɗaya. Bas kuwa, wato sautin nan mai kauri, duba ko ka juya kan waya a lasifika ɗaya. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi. In aka juya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai su kashe wa juna ƙarfi. Ba sabuwar waya kake bukata ba. Ka kuma murɗe sililin sosai, domin guda ɗaya da ya tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa ya isa ya ƙona amfilifaya.

Akwai wani abu da na manta a lissafin?

Ɓera. A gidan da ake ajiye gero da gyaɗa, wayar da ke kwance a ƙasa ba ta shekara. Ware ɗan abu ka sayi ƙusoshi masu riƙe waya a bango, da bututun roba na inda za ta ratsa tsakar gida, saboda ruwan damina da rana. Ka guji gami a tsakiya, ka sayi tsawon da ya isa tun farko. In dole ta sa ka yi gami, a like shi da dalma kafin a naɗa salatif, don salatif kaɗai zafin watan Afrilu yana sa shi ya saki.