Asid da Alkali

Asid da alkali rukuni biyu ne na sinadarai masu kishiyantar juna, waɗanda idan suka haɗu kowanne kan kashe kaifin ɗan'uwansa. Matan karkara sun san aikinsu tun kafin sunan ya zo: idan miyar yakuwa ta cika tsami, sai uwargida ta jiƙa 'yar kanwa ta zuba, tukunya ta taso da kumfa, tsamin ya kwanta. Tsamin yakuwa asid ne, kanwa alkali ce, kumfar kuma iskar kabon dayoksaid ce da ke fita. Kalmar alkali ba ta da dangantaka da alƙalin kotu. Asalinta Larabci ne, daga sunan tokar wasu tsirrai da ake ƙonawa don yin sabulu.

Inda ake samunsu

Kusan duk abin da ke da tsami a gida asid ne. Na tsamiya sunansa tatarik, na lemun tsami sitirik, na nono kuwa laktik, wanda ƙwayoyin bakteriya ke samarwa daga sukarin madara idan ta kwana a ƙwarya. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu ƙarfin su ne irin salfurik na ruwan batir, mai huda riga ya ci fata, da haidirokulorik wanda cikin ɗan Adam ke fitarwa don narkar da abinci.

A ɓangaren alkali akwai kanwa, da ruwan toka, da sodar masu haɗa sabulu. Kanwa, wadda fatake suka daɗe suna kawowa kasuwannin Kano daga yankin Manga da Tafkin Chadi, galibinta sodiyum kabonet ne da baikabonet. Ita ke sa wake ya nuna da wuri, kuɓewa ta ƙara yauƙi. A marina irin ta Ƙofar Mata ma, sai da toka baba ke narkewa ya kama zane. Santsin da ake ji idan ruwan soda ya taɓa hannu ba abin wasa ba ne: maiƙon fata ne yake juyawa sabulu, don haka a wanke nan take da ruwa mai yawa.

Ma'anarsu a kimiyya

A 1884 Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, ya kawo bayanin cewa wasu sinadarai kan rabu zuwa ƙwayoyi masu caji idan sun narke a ruwa. Daga nan aka ce asid shi ne mai sakin ƙwayar haidirojin, H⁺, alkali kuma mai sakin OH⁻, wato ƙwayar haɗin oksijin da haidirojin. Su biyun in sun haɗu sai su zama ruwa, abin da ya rage ya zama wani nau'in gishiri. A 1923 Johannes Brønsted na Denmak da Thomas Lowry na Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka faɗaɗa ma'anar: asid mai bayar da H⁺ ne, kishiyarsa kuma mai karɓa. Wannan bayani ya fi gamsarwa, domin ya nuna cewa harkar bayarwa ce da karɓa, kuma ruwa kansa yana iya tsayawa a kowane ɓangare.

Ana auna ƙarfin da ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a 1909. Tsantsar ruwa yana kan 7. Ƙasa da haka asid ne, sama kuma alkali. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato abin da ke kan 2 ya fi na kan 4 yawan H⁺ sau ɗari. Malamin da ba shi da kayan gwaji a makarantar ƙauye ba ya rasa dabara matuƙar akwai zoɓo: a raba jiƙon a kofi biyu, a matsa lemun tsami a ɗaya, jan zai ƙara haske, a ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, sai ya dusashe ya koma wajen shuɗi ko kore.

Daidaito

Asid mai sauƙi ba ya sakin duk H⁺ ɗinsa. Wasu ƙwayoyi na rabuwa, wasu na sake haɗewa, har a kai inda saurin biyun ya zo ɗaya. Shi ake kira daidaito, kuma a nan ɗalibai suka fi yin kuskure, suna ɗauka aikin ya tsaya. Bai tsaya ba. Kamar kasuwar Maigatari ce da rana tsaka: ana shigo da shanu ana fita da su, amma mai kallo daga nesa zai ga garken bai ƙaru ba bai ragu ba. Cato Guldberg da Peter Waage na Nowe ne suka fara tsara lissafinsa a 1864. A 1884 kuma Henri Le Chatelier na Faransa ya bayyana cewa idan aka taɓa daidaito, yakan karkata zuwa inda zai rage tasirin taɓawar.

Da haka jini ke riƙe pH ɗinsa tsakanin 7.35 da 7.45. Idan asid ya ƙaru, baikabonet na jini ya karɓe shi, numfashi ya ƙara sauri ya fitar da kabon dayoksaid.

A gona ma abin yana da nauyi, har ya kan taɓa aljihu. Takin yuriya idan ya jiƙa a ƙasa yakan koma amoniyum, wanda shuka ke iya amfana da shi. Amma amoniyum, wato amoniya da ta karɓi H⁺, yana cikin daidaito da iskar amoniya, kuma alkali na janye H⁺ ya tura shi wajen iskar. Manomin shinkafa a Kadawa ko fadamar Haɗejiya da ya watsa yuriya a sarari cikin zafin rana, ko ya gauraya ta da toka, wani kaso na takinsa zai bi iska. Warin da ke hawa hanci shi ne alamar. Shi ya sa malaman gona ke cewa a tona a binne ta a ƙasa mai danshi, toka kuma a ware mata nata lokacin.