Waiwaye: Yadda lambar ISRC ta zama shaidar kowace waƙar da aka naɗa

A da, kowane kamfanin waƙa da tasa lambar kundi, kuma a jikin faifai take, ba a kan waƙar ba. Waƙa ɗaya ta fito a faifai uku, sai ta tashi da lambobi uku, rabon kuɗin haƙƙin mallaka ya rikice.

Don magance haka hukumar ISO, mai tsara ƙa'idojin bai-ɗaya na duniya, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 3901 a 1986, wato ISRC, lambar shaida da ake bai wa kowane naɗin waƙa. A 1989 aka damƙa kula da ita a hannun IFPI, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, ita kuma ta naɗa wakilai a ƙasashe, kamar RIAA a Amurka da PPL a Birtaniya. Faifan CD yana da gurbin ajiye lambar a cikinsa. Amma sai da saurare ya koma intanet aka ga muhimmancinta sosai, domin da ita manhajoji irin su Spotify ke tantance waƙar da aka kunna.

Gurabenta 12 ne. Biyun farko haruffan ƙasar da ta bayar ne, uku na gaba na wanda ya yi rajista, biyu na shekara, biyar na ƙarshe kuma jerin lissafi, wato mai rajista ɗaya zai iya raba har 100,000 a shekara. Shekarar ta ba da lambar ce, ba ta naɗin waƙar ba, shi ya sa tsohuwar waƙa kan zo da sabuwar shekara.

Lambar ta naɗin ce kaɗai. Baitoci da karin waƙa suna da tasu daban, ISWC. Mawaƙa biyu suka rera waƙa ɗaya, ISWC ɗaya ce, ISRC biyu. Wadda aka sake haɗa kiɗanta, da wadda aka ɗauka a wurin wasa, da bidiyonta, kowacce da tata.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen sauya kamfanin rarrabawa. Mawaƙi ya ɗora tsohon naɗi, bai shigar da tsohuwar lambar ba, sai a ba shi sabuwa, ƙidayar sauraron ta rabu biyu, kuɗin ma su bi ta. Kuma ISRC ba ta da adadin tantancewa a ƙarshenta irin na ISWC, wato adadin da ke nuna in an yi kuskure wajen rubuta lambar, don haka in aka rubuta harafin O a gurbin sifili a sashen mai rajista, kwamfuta za ta karɓa, kuɗin su maƙale ko su tafi asusun wani.