Azurfar da ake bugawa kamar tawada: tambayoyi da amsoshi

Maƙeran fari na Garwa da Marwa sun san azurfa a zobe da munduwa. Akwai kuma wata siffarta da ido ba ya gani, wadda masana'antu ke zubawa a tawada su buga hanyoyin lantarki da ita. A kanta waɗannan tambayoyi suke.

Wata azurfa ce dabam da ta maƙera?

Ita ce dai, girma ne ya bambanta. Ƙwayoyin nano su ne waɗanda faɗinsu ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100. A raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum kuwa yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000.

Niƙa ta ake yi har ta kai haka?

Galibi ba niƙa ba ne, ginawa ake yi daga ƙasa. Ana narkar da gishirin azurfa, wato silba naitiret, a ruwa, sai a zuba sinadari irin su sitiret, wanda ke mayar da shi ƙarfe. Ƙwayoyin su fara tsirowa, a sa wani sinadarin da ke lulluɓe su don kada su dunƙule. Ba'amurke Carey Lea ya haɗa irin wannan ruwa tun 1889. A 2002 Younan Xia da abokan aikinsa suka nuna yadda za a sa su fito dogaye sirara kamar waya, maimakon dunƙulallu.

Jan ƙarfe ya fi araha. Me ya sa sai azurfa?

Cikin ƙarafa duka babu wanda ya kai ta sada lantarki, jan ƙarfe ne na biyu. Ratar ba ta da yawa, don haka ba ita ce babban dalili ba. Ƙwayar jan ƙarfe tana shan iska take yin tsatsar da ke tare wuta, azurfa kuwa ta fi jure wa iska.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ƙashin bayan sana'ar. Maƙeri ya san sai ya zuga wuta sosai azurfa ke narkewa, ma'auninta digiri 962 ne. Amma idan ƙwaya ta ƙanƙance, kaso mai yawa na atam ɗinta, wato ƙananan tubalan da suka gina ta, a fatarta yake zaune, ba a riƙe da ƙarfi ba. Zafin digiri 150 zuwa 200 ya isa ƙwayoyin su manne da juna su zama layi ɗaya mai ɗaukar wuta. Wasu robobi da takarda suna iya jure wannan zafi. Shi ya sa ake buga eriyar tambarin da ake manna wa kaya don na'ura ta karanta shi, da na'urori masu lanƙwasuwa da injin bugu. Siraran wayoyin kuma ana shimfiɗa su a kan gilashi ko roba, haske ya ratsa ta tsakaninsu, wuta ta bi ta cikinsu. Da su ake neman maye gurbin sinadarin indiyom na allon taɓawa, wanda ke da tsada kuma yana tsagewa in an lanƙwasa shi.

An ce ruwanta rawaya ne. Ina farin ya tafi?

Nan ne abin ya fi ban sha'awa. A cikin kowace ƙwaya akwai ilektoron masu yawo, wato 'yan ƙananan abubuwan da ke ɗaukar lantarki. In haske ya sauka, sai su riƙa kai-komo tare, kamar ruwa a ƙwaryar da aka girgiza. Ƙananan dunƙulallun ƙwayoyi sun fi amsa haske mai tsawon zango wajen nanomita 400, ɓangaren shuɗi ke nan. Sun shanye shi, abin da ya rage wa ido sai rawaya. A sauya girma ko a yi su masu kusurwa uku, launi ya koma ja, kore ko shuɗi.

Magabata sun yi aiki da wannan ba tare da sun ga ƙwayar ba. Kofin Likurgus na Rumawa, na ƙarni na 4, da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, kore ne in haske ya faɗa masa ta gaba, ja in ya ratso ta baya, saboda ƙwayoyin azurfa da zinariya da ke cikin gilashinsa. Maginan tukwane na Iraƙi a ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, da ƙwayoyin azurfa da jan ƙarfe suka ba kwanukansu ƙyalli. A yau ana amfani da wannan hali wajen gano sinadari ɗan kaɗan, domin wanda ya zauna a kan ƙwayar azurfa alamarsa a na'urar haske tana iya ninkuwa sau miliyan.

Siraran layukan da ke kan faifan sola fa?

Azurfa ce, ita ke kwashe wutar. Sai dai yawancin ƙwayoyin man da ake shafawa sun fi na nano girma, kuma a tanda mai tsananin zafi ake gasa su. In mai shago ya ɗora kuɗi da sunan nano, a nemi takardar bayanin kayan.

Gaskiya ne ganyen darbejiya na iya haɗa su? Ga shi ko'ina a titunan Marwa.

Gaskiya ne. Ruwan ganyen darbejiya ko na zogale yana mayar da gishirin azurfa ƙwayoyi, kuma ɗalibin kimiyya a Ngaundere ko Njamena zai iya ganin launin ya juya a kwalba. Amma ni ban ga wannan a matsayin hanyar yin kayan lantarki ba tukuna. Ƙwayoyin kan fito manya da ƙanana a gauraye, ganyen rani ba ɗaya yake da na damina ba, ragowar ganyen kuma yana tare wuta. Masana'anta girma iri ɗaya take saye. Ga binciken kashe ƙwayoyin cuta, inda ba a tsananta wannan sharaɗi ba, hanyar ta fi dacewa.

Ba ta baƙi kamar zobe?

Tana yi, ta ma fi sauri. Farar wutar da ke cikin iska ce ke baƙanta zobe, siririn layi kuwa cinye shi take yi har ya yanke. Laima ma matsala ce: in akwai danshi da wuta, azurfa kan yi rassa ta tsallaka zuwa layin kusa, ta haɗa wuta. Dole a rufe ta da roba ko gilashi.

To shan ruwanta a matsayin magani?

Kada a sha. Azurfa tana taruwa a fata ta mayar da ita toka-toka mai shuɗi, kuma launin ba ya fita. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba ta amince da ingancinsa ko amincinsa a matsayin magani ba.