Waiwaye: Yadda fitowar baya ta zama ruwan dare a gidajen kajin ƙwai

Kazar gida, wadda kakanninmu suka kiwata a akurki, ba a san ta sosai da fitowar baya ba, wato bakin hanyar ƙwai ya fito waje ya ƙi komawa. Ƙwai arba'in zuwa sittin take yi a shekara, ƙanana, ta yi kwanci, ta yi renon 'yan tsakinta, jikinta ya huta. Matsalar ta yi ƙamari ne bayan zuwan kajin gidan gona, waɗanda aka daɗe ana zaɓen irinsu don yawan ƙwai. A 1978 aka fito da ISA Brown a Faransa, kazar da ke ba da ƙwai kusan 300 a shekara. Nan gida ma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta samar da Shika Brown don ta jure yanayinmu. Kaza mai zuba ƙwai kusan kullum, ba kwanci ba hutu, dole naman da ke riƙe hanyar ƙwanta ya gaji.

A ƙa'ida, duk lokacin da kaza za ta yi ƙwai, bakin hanyar yakan juyo waje kaɗan, sai ya koma da kansa. Idan ƙwan ya yi girma, ko kitse ya toshe ciki, ko naman ya yi rauni saboda ƙarancin kalsiyam, sai ya ƙi komawa. Sauran kajin kuwa da sun hango jan nama sai tsattsaga. Yawancin mace-macen daga nan suke, har a ja hanji waje.

Abin da ya fi damuna shi ne haske. Tun farkon ƙarni na 20 manoma a Amurka suka gano cewa kunna fitila na ƙara ƙwai. Dabarar ta zo mana, amma ma'auninta bai zo tare da ita ba. Mai kiwo ya saba da buloila, wato kajin nama, sai ya bar wa 'yan leyas, wato ƙananan kajin ƙwai, fitila dare da rana, yanzu ma da sola ta sauƙaƙa abin. Kazar da ba ta cika mako 18 ba, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ƙugunta bai buɗe ba, sai ta fara ƙwai, har da mai gwaiduwa biyu. Mai gona na murna, alhali an riga an yi wa kazar illa. Hasken rana kaɗai ya ishe su lokacin girma. Bayan sun kai nauyi ne ake ƙarawa, rabin awa zuwa awa ɗaya a mako, a tsaya a awa 16.

Tsadar masara da waken suya a shekarun baya-bayan nan ta ƙara dagula lamarin. Mutane suka koma haɗa abinci da kansu, a cika masara, a rage garin ƙashi da ɓawon kawa masu ba da kalsiyam, kaji su yi kitse ƙashinsu ya yi laushi.

Don haka a riƙa auna nauyin kaji kowane mako tun suna ƙanana, a datse baki da wuri, a rage cunkoso, a sa wuraren ƙwai cikin duhu-duhu. Jini a jikin ɓawon ƙwai alama ce ta farko. Wadda bayanta ya fita a ware ta nan take, a wanke da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a mayar a hankali, a ajiye ta a duhu ta daina ƙwai na 'yan kwanaki. In ya sake fitowa, yanka ya fi mata sauƙi.