Ma'anar "dashen ƙwai", da batun nawa ake sakawa

Kwanan nan "dashen ƙwai", aikin da likitoci ke yi wa masu neman haihuwa, ya cika bakin mutane a Maradi. A rediyo, a WhatsApp, har a gidan suna, sai ka ji an ce wance ta tafi waje an dasa mata ƙwai uku, ana faɗa kamar yawan shi ne shaidar likita ya iya aiki. Kalmomin biyu duk suna ɓad da mu.

Abin da ake sakawa a mahaifa ya wuce matsayin ƙwai. An riga an haɗa ƙwan matar da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, ya kwana 3 ko 5 yana rarrabuwa, ya zama ɗan tayi. Kowane guda yana iya zama jariri, wani lokaci ma guda ɗaya ya rabu biyu.

"Dashe" ne ya fi damuna. Mai lambu a bakin gulbin Maradi da yatsansa yake danna saiwar tumatir cikin ƙasa. Likita kuwa da siririn bututu yake ajiye ɗan tayin a mahaifa, kamawar tana hannun Allah. Da mutane suka ji kamawa ba ta da tabbas, sai suka jawo lissafin gonar hatsi: a zuba iri da yawa a rami guda, wani ya ƙi, wani ya fito. To, manomi yana dawowa bayan tsiro ya ciccire masu rauni, ya bar biyu ko uku. Wa zai shiga cikin mace ya yi wannan? In ukun suka kama, ita za ta ɗauke su.

Na san darajar Hassan da Husaini a gidajenmu, na kuma san macen da ta shekara 10 tana shan gorin dangin miji, aka sayar da fili don wannan tafiya, ba ta son dawowa hannu rabbana. Amma kusan rabin tagwaye ko fiye ana haihuwarsu kafin mako 37, bakwaini masu buƙatar kwalba, uwar kuma tana fuskantar hawan jini, jijjiga da tiyata. A Amurka, an saka wa wata mata 'yan tayi 12, ta haifi 8 a 2009, daga baya aka ƙwace wa likitan lasisi. Beljiyam tun 2003 ta sa doka: mace ƙasa da shekara 36, a gwajin farko, guda ɗaya tak.

In an saka guda ɗaya, sauran 'yan tayin ba a zubar da su. Ana daskarar da su a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, in na farko bai kama ba a narkar da na biyu. Ɗaya bayan ɗaya yana ba da damar haihuwa kusan daidai da biyu a tare, haɗarin tagwaye kuma ya ragu ƙwarai. Inda likitoci kan yarda da biyu shi ne matar da ta doshi 40, ko wadda aka yi ta gwadawa bai kama ba.