Wasiƙa ce ta haifi manyan jiragen ruwan Ingila

Duk wanda ya ji sunan Titanic abin da ke faɗo masa a rai attajirai ne da ɗakunan alfarma, amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne haruffa ukun nan da ke gaban sunan, RMS, ma'anarsu jirgin ɗaukar wasiƙun masarautar Ingila. A nan tushen labarin yake.

Kafin zuwan injin tururi wasiƙa daga Ingila zuwa Amurka sai yadda iska ta so, wani lokacin ta yi wata guda a hanya wani lokacin ta haura, ɗan kasuwa na can yana jiran amsa bai san ranar zuwanta ba. To a 1839 sai gwamnati ta ba wani ɗan kasuwar Halifax, garin da ke Kanada a yau, mai suna Samuel Cunard kwangila, za a riƙa biyansa duk shekara shi kuma ya riƙa kai wasiƙu a kan lokaci, ko da fasinja ko babu. Ranar 4 ga Yuli 1840 jirginsa na farko Britannia ya tashi daga Liverpool zuwa Halifax da Boston, jirgin katako ne mai manyan ƙafafu biyu a gefe suna dukan ruwa, har saniya aka ɗauka a ciki don a samu madara, kuma cikin kamar sati biyu ya isa Boston. Kamfanin jiragen ruwa na P&O ma ta haka ya miƙe, tun 1837 yake kai wasiƙu Fotugal da Sifaniya, a 1840 ya kai Iskandariya ta Masar. Gaskiya ba don kuɗin gwamnatin nan ba ban ga yadda za su iya da tsadar gawayi ba, alfarmar daga baya ta zo.

Kuma aikin ba na wasa ba ne. A Titanic ɗin nan a 1912 akwai ma'aikatan gidan waya biyar, da ruwa ya fara shiga ɗakinsu sai suka kama jan buhunan wasiƙa suna hawa sama da su, ba wanda ya tsira a cikinsu, wallahi duk lokacin da na tuna su sai jikina ya yi sanyi.

Mu ma abin ya taɓo mu. A 1852 wani ɗan kasuwar Birtaniya mai suna Macgregor Laird ya samu kwangilar kai wasiƙu gaɓar Afirka ta Yamma, daga baya harkar ta koma hannun kamfanin Elder Dempster na Liverpool, jirginsu ya tsaya Freetown ya tsaya Takoradi sannan ya sauke a Legas, da layin dogo ya iso Kano a 1911 kuwa sai buhunan su hau jirgin ƙasa su yo arewa.

Jirgin sama ne ya kashe kasuwar. Daga 1958 jiragen jet suka fara tsallake Atlantika cikin awanni, wasiƙa ta bi su fasinja ma ya bi. Babban jirgin ruwan nan Queen Mary da ta fara aiki a 1936 an ajiye ta a 1967, yanzu otal ce a Long Beach ta Amurka. Namu na hanyar Legas kuma, Aureol, wanda ya yi jigilar ɗalibai da ma'aikata tun 1951, a 1974 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe.